Yadda Na Dawo da Gado Daga Rijiyoyin Mai

Mun shiga Sabha da hantsi, ni da Gado, bayan kwana tara a bayan buɗaɗɗiyar mota tun daga Agadas. Ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, sai a hannu na riƙe shi. Gado kuwa leɓɓansa duk sun tsattsage, amma bakin bai mutu ba. Yana dira daga mota ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai Illa, haka za ka shiga garin Larabawa ba takalmi? Ai sai su gane bawana na tun ban hwaɗi ba."

Gado tobashina ne, ɗan Gwaggo Hajo ƙanwar babana. Tun muna yara a Filingue ba mu taɓa gaisawa da hankali ba. Shi ya ce ni bawansa ne, ni in ce shi ne nawa. Manomi ne, da rani kuma ya yi dako a kasuwa. Ni na koma Bonkuku, na yi aure can, na shekara bakwai ina gyara wa masu lambun dankali motopompi, injin ban ruwa. Shekarar da gero ya ƙi, hanyoyin kasuwannin arewa kuma suka koma hannun masu bindiga, lambu ya ja baya, aikina ya bi shi. Ni na fara kawo zancen Libiya. Gwaggo ba ta so ba, don Gado kaɗai ne namiji cikin ɗiyanta, amma da ta ji tare da ni ne sai ta haƙura.

A Sabha gidan Alhaji Tanimun muka sauka, wani mutumin garinmu da ya daɗe can. Ya tarbe mu da shayi, yana tambayar tsofaffin Filingue ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har na ji kamar a zauren gidanmu nake. Da muka gama sha sai ya miƙo hannu.

"Ku kawo kartocinku in aje muku. Nan ƙasar, wanda anka kama da takardar baƙo a aljihu ya shiga uku."

Muka ba shi katunanmu na shaidar ɗan ƙasa. Ban sake ganin kartina ba har yau.

Wata biyu muna ɗaukar bulo a wani gini. Ladan aikin ta hannun Alhaji yake biyowa, abin da ke isowa gare mu bai wuce na burodi da shayi ba. Mu fiye da ashirin muke kwana a tsakar gidansa, kowa da irin labarinmu. Wata safiya Alhaji ya fito ya ce wa ya san inji. Gado ya tura ni gaba da gwiwar hannu. Alhaji ya ba ni wani kati mai igiya na ratayawa a wuya. Hoton da ke jiki ya koɗe, sunan kuwa na wani ɗan Cadi ne, Mahamat.

"Daga yau sunanka ke nan. In anka tambaye ka, kai na."

"To shi mai sunan hwa, Alhaji?"

"Ya tahi gida. Kai dai aiki kaka so ko tambaya?"

Na so in ce ba ni tafiya sai da Gado, amma shi ya hana ni. Ya ce in je in share masa wuri, ubangida ba ya riga bawa sauka.

Yini da rabi muka yi a mota muna nufar gabas, shinge bayan shinge, a kowane sai an sauke mu an jera a rana. Inda aka kai mu ba gari ba ne. Ba itace ko guda, ba tsuntsu. Ɗakunan ƙarfe ne guda biyar, da tankin ruwa, da bututai da suka fito daga cikin rairayi ta ko'ina suka haɗu a ƙarƙashin wata rumfar kwano. Ƙarƙashin rumfar nan wani inji ne mai tsawon mota, yana kuka ba dare ba rana. Wani ɗan kwangila ne ke riƙe da tashar a madadin masu rijiyoyin, ya sa mata shugaba da kowa ke kira Mudir. Ban taɓa jin sunansa na yanka ba.

Kwanakin farko shara da wanke ƙarfe aka sa ni. Ba na jin Larabci sai kalma biyu uku, umarni da hannu ake ba ni, zagi kuwa ba ya bukatar tafinta. Rana ta huɗu na dafa wani bututu ban san yana da zafi ba. Na yarfe hannu na ce, "Wayyo Allah, na ƙone!" Sai na ji murya a bayana.

"Kai ɗan wace ƙasa ne?"

Na waiwaya. Wani dattijo ne baƙi, dogo, mai furfura a gemu, da hular ƙarfe a ka. Hausarsa wata iri ce, kamar ta tsofaffin da suka rasu tun ina yaro, ga Larabci a tsakiya. Shi ne Usta Yaƙub, mai kula da injin, mutumin Sudan. Ya ce kakansa ya taso daga ƙasar Sakkwato da ƙafa zai je Makka, ya tsaya a bakin kogi ya yi noma shekara guda don ya huta. "To har yau muna can muna hutawa," in ji shi. Ya kama hannuna ya tsoma a ruwan sanyi. Da ya ji aikin da nake yi a gida, washegari ya je wurin Mudir ya ce a ba shi ni.

A wurinsa na san abin da tashar take yi. Rijiyoyin sun tsufa, ƙarfinsu ya ragu, ba sa iya tura abin da ke cikinsu har babbar tasha da ke can nesa. Abin da ke fitowa kuma ba mai zalla ba ne kamar yadda nake zato a gida. Ɗanyen mai ne, da ruwa mai gishiri, da gas, da yashi, duk a cakuɗe cikin bututu guda. Injin nan pompi ne, aikinsa ya karɓi cakuɗar yadda take ya tura ta gaba, sai a can a rarrabe.

Na yi masa gardama. Na ce, "Usta, ni hwa na san pompi. In ya sha iska ya bar ja ke nan, sai ka tsaya ka cika shi da ruwa. Ƙaƙa za a ce wanga yana shan iska da ruwa tare?"

Ya yi dariya, ya sarƙa yatsun hannuwansa biyu yana murzawa. "Naka fanka ce a cikinsa, jifa take yi da ruwa. Wannan ƙarafa biyu ne masu murɗi, kamar manyan kusoshi, suna juyawa cikin juna ba sa taɓa juna. Duk abin da ya faɗa tsakaninsu, ruwa ko iska, sai su ɗauke shi su kai gaba. Amma da sharaɗi, ya Illa. Ƴar ratar da ke tsakaninsu ruwa ke toshe ta, ruwa ne kuma ke sanyaya su. In gas ya zo shi kaɗai ya daɗe, ƙarfe zai bushe, ya yi zafi, ya kumbura."

Ya zagaya da ni bayan injin ya nuna mini wata tukunyar ƙarfe. Ita ke riƙe wani abu daga cikin ruwan da pompi ya turo, ta mayar masa ta wani siririn bututu, don ko gas ya zo kada cikinsa ya bushe. A jikin siririn bututun akwai rariya mai tare yashi. Wanke rariyar nan shi ne aikina, da duban agogon zafi da na matsi, da saurare.

Sauraren ya fi komai. Abin da ke tafe cikin bututu ba ya zuwa daidai wa daida. Wani lokaci gas ya taru ya zo da tsawo, sa'an nan ruwan da ya tare a baya ya biyo shi gaba ɗaya. Ma'aikatan suna da sunan abin da Larabci, Usta ya juya mini shi da shaƙuwa. In ta zo sai muryar pompi ta sirance, allurar zafi ta fara hawa, kai kuma kana tsaye kana ƙirga numfashinka. Can sai ka ji dum, kamar an daki bututun da taɓarya, rumfar duka ta girgiza, murya ta koma daidai. Cikin wata uku na kai ina gane shaƙuwa tun tana nesa, ta tafin ƙafata.

Abu na biyu da ya koya mini bai yi dariya a kansa ba. Ya kai ni bakin wani rami na siminti da ke ƙarƙashin pompin, zurfinsa ya fi tsayin mutum, da tsani na ƙarfe a jiki. Duk abin da ya ɗiga daga injin can yake taruwa. Wani wari ke tasowa kamar na ruɓaɓɓen ƙwai.

"Ka ji wannan? Guba ce a cikin gas ɗin. Tana da nauyi, tana kwanciya a rami kamar ruwa. In kana jin warin, da sauranka. In ya ɗauke maka farat ɗaya, hancinka ne ya mutu, ka dubi jan ƙyallen can na kan sanda ka gudu inda iska ke fitowa. In kuma ka ga mutum ya faɗi a ciki, kada ka bi shi. Ka ji ni? Rami ba ya ƙoshi da mutum guda."

Akwai ƴar na'ura da ake maƙalawa a ƙirji, mai kuka in guba ta yi yawa. Guda biyu ne a tashar masu aiki, ɗaya ta Mudir, ɗaya ta Usta. Wadda aka ba ni ko fitila ba ta kawowa.

Waya ba ta kamawa sai a kan wani tudun rairayi, tafiyar rabin awa. Ran Juma'a nake hawa in kira matata, in kira Gado. Abincinmu makaroni ne da tumatirin gwangwani, safe da yamma, har na kai ina mafarkin fura da rana tsaka ina tsaye. Wata Juma'a na kira Gado na ji muryarsa ba yadda na sani ba. Wasu sun tare su a hanyar dawowa daga gini, sun yi musu duka, sun fasa masa baki. Bai tsokane ni ba ko sau ɗaya. Ya ce, "Illa, in da wuri nan, ka ɗauke ni. Ko shara ta."

A satin ne mai kwashe ramin ya bar aiki, idanunsa sun yi ja ba sa daina ruwa. Na roƙi Usta. Ya ce ba aikin da mutum zai kira ɗan'uwansa ba ne. Na ce ya fi inda yake. Bayan kwana goma Gado ya iso da nasa katin a wuya, shi ma da sunan wani.

Watanni biyun da suka biyo baya su ne masu daɗi a duk zamana a ƙasar. Gado ya karɓe girki. Ya samu ganyen kabeji da ake zubarwa, ya dafa, ya kwaɗa da tunkuzar da wani direba ya kawo masa, ya ce kopto ne, kwaɗon ganye irin na gida, wanda bai yarda ba ya kai ƙara Yamai. Usta ya ci har yana lasar yatsa. Ko Mudir sai da Gado ya sa shi murmushi, da Larabcinsa na kalma goma.

Sai rijiya guda ta fara turo yashi fiye da da. Rariyar da nake wankewa sau ɗaya a yini ta koma sau uku, sau huɗu. Shaƙuwa ta ƙara tsawo. Inda sandar injin ke shiga cikin pompi akwai wani zobe da ke hana abin ciki fitowa, irin wanda muke ce wa juwan a gida. Zafi ya fara cin sa, ya soma ɗiga. Usta ya rubuta a kawo sabo, aka ce yana hanya. Sati uku yana hanya.

Injin yana da dabarar kashe kansa in zafi ya wuce iyaka. Ya kashe kansa sau biyu a yini guda. Kowace tsayawa sai an kira Mudir daga sama an zage shi, shi kuma ya sauko ya zage mu. Rana ta uku ya zo da mai lantarki, suka buɗe akwatin suka haɗa wasu wayoyi biyu. Daga nan injin bai sake kashe kansa ba. Usta ya bi shi har ƙofar ɗakinsa suna ta ɗaga murya. Da ya dawo na tambaye shi me aka ce.

"Ya ce gangar mai ake ƙirgawa, ba zafi ba. Ya ce in na tsufa da aikin in faɗa."

"To mu bari mana, Usta."

"In na tafi, wa zai saurare shi?" Ya nuna pompin da haɓa.

Ranar da abin ya faru Talata ce, bayan azahar. Ramin ya cika da abin da zoben ke zubarwa, ƙaramin injin da ke tsotse shi kuma yashi ya toshe masa baki. Sai an sauka an buɗe da hannu. Usta ya zura na'urarsa da igiya, ba ta yi kuka ba, ya ce a yi maza a fito. Sa'an nan aka kira shi wajen akwatin lantarki, ya tafi da ita a ƙirjinsa.

Gado ya riga ya sauka sau biyu a ranar, ya gaji, idonsa ya yi ja. Ni ya kamata in karɓe shi, buɗe bakin inji aikina ne. Ya miƙo mini bokiti ya ce, "Karɓi, yau kai za ka ɗanɗana." Na ture bokitin na ce, "Bawa shi ka shiga rami, ubangida na sama yana kallo." Ya yi dariya ya ce zan gane kurena in mun koma gida. Ya kama tsani ya sauka. Wannan maganar ban taɓa gaya wa kowa ita ba, sai yanzu da nake rubutawa.

Bai yi minti uku a ciki ba na ji ta a tafin ƙafata. Muryar pompi ta sirance. Na dubi agogo, allura na hawa. Na ruga wajen siririn bututun na dafa, na ji shi ba motsi, rariya ta sake toshewa, ba ruwan da ke komawa. Na ƙwala wa Gado kira ya fito. Ya ɗago kai ya ce saura kaɗan. Allura ta wuce jan layi. Na jira dum ɗin nan, bai zo ba. Sai na ji wani ƙas, kamar an taka kwalba, sa'an nan wani huci mai ƙarfi daga wajen zoben. Wari ya buge ni, nan take kuma ya ɗauke.

Na ga Gado ya kama tsani, ya taka mataki biyu, ya sake shi. Ya faɗi ta baya ba ko kuka.

Duk abin da Usta ya koya mini ya fita daga kaina. Na riga na sa ƙafa ɗaya a tsani sai na ji an fizgo ni ta wuyan riga an maka da ƙasa. Usta ne, na'urarsa na ta ihu a ƙirjinsa. Na tashi zan koma, ya kwaɗa mini mari, ya ja ni har bayan jan ƙyallen. Ya riga ya danna maɓallin kashe injin. Ya ce in rufe makullin babban bututu, mai hannu kamar sitiyarin mota. Ina murzawa ina kuka, shi kuma ya goya tulun iskar shaƙa guda ɗaya da ke tashar, ya rufe fuska, ya ɗaura igiya a ƙugu ya ba ni bakinta. Mutumin da ya haura sittin ya sauka ramin nan. Ya ɗaure Gado ta hammata, ni da wasu ma'aikata biyu muka ja.

Fuskar Gado ta yi toka-toka, ba ya numfashi. Usta ya cire abin fuskarsa ya durƙusa yana danna masa ƙirji yana hura masa iska a baki. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Can Gado ya yi wani gurnani, ƙirjinsa ya ɗaga.

Awa huɗu muka yi a mota kafin asibiti. Kwana biyar bai buɗe ido ba. Likitar ta yi wa Usta bayani, shi ya juya mini: ƙwaƙwalwarsa ta daɗe ba iska, abin da ya tafi ya tafi, abin da ya rage sai a jira a gani. Rana ta shida ya farka. Hannunsa na dama na rawa, ƙafar dama ba ta ɗaguwa sosai. Na sunkuya na ce, "Gado, ni na, Illa." Ya daɗe yana kallona. Ya ce a hankali, kalma na jan kalma, "Sannu, Malam."

Na ɗauka tsokana ce, har na fara dariya. Usta ya dafa kafaɗata.

Da asibiti suka nemi wanda zai tsaya masa, aka kira ɗan kwangilar. Ya ce mai sunan da ke kan katin ya bar aiki tun bara, suna da takardar sallamarsa, wannan ba su san shi ba. Ni ma haka. Pompin kuma ƙarafan cikinsa sun gogi juna sun lalace, aka ce laifin Usta ne, aka kore shi. Shi ya sayar da agogonsa da wayarsa aka sallame mu daga asibitin, shi ya samo mana direban da zai kai mu Sabha. Ya raka mu har bakin mota. Ya ce, "In ka je ƙasarku ka gaishe mini da ita. Ban taɓa ganin ta ba." Ban da lambarsa, ban san inda yake ba yanzu.

A Sabha na ja Gado har gaban Alhaji Tanimun. Ya dube shi ya girgiza kai ya ce Allah shi kawo sauƙi, ƙaddara ta riga fata. Na ce ya ba mu kartocinmu. Ya ce yana nema. Wani daga cikin mutanen tsakar gidan ya ja ni gefe ya ce in daina wahalar da kaina, kartocinmu suna wuyan wasu a wani wurin aiki. Mutanen tsakar gidan nan, waɗanda ba su da komai, su suka haɗa mana abin shiga mota.

Na kira Gwaggo kafin mu taso. Na ce mata Gado ya yi zazzaɓi mai tsanani, muna tafe gida ya huta. Ta ce in ba ta shi. Na ce yana barci.

Komowa ta fi zuwa wuya. A kan kaya muke zaune, saman babbar mota, Gado ba ya iya riƙe sanda. Na kwance rawanina na ɗaure ƙugunsa da nawa. In mota ta yi tsalle mu yi tare. In zai yi fitsari ni ke kwance masa wando, shi kuma ya yi ta ba ni haƙuri kamar baƙon da ya dami mai gida. Wata mata ƴar Damagaram da ke kusa da mu ta lura ba ya iya tauna busasshen burodi. Kullum sai ta jiƙa dabino a kofi ta murje da yatsa ta miƙo mini, ba ta taɓa tambayar me ya same shi ba.

Duk tsawon hanyar ina yi masa hira. Na ba shi labarin gonar babansa, da jakinsu mai cizo, da ranar da muka saci mangwaro aka kama shi ni na tsere. Yana saurare da ladabi, wani lokaci ya ce, "Allah Sarki." Ya saba da ni dai, in na matsa sai ya lalubo rigata. Amma Malam yake ce mini. Na sa raina a abu guda: in ya ga Gwaggo zai dawo. Mutum na iya manta tobashinsa, amma ban da uwar da ta haife shi. Da wannan na ƙetare Agadas, da Tawa, da Dosso, har muka kwana a tashar Yamai muka shiga motar Filingue.

Motar ta tsaya a Bonkuku ana sauke buhuna. Daga inda nake zaune ina hango rufin gidana. Wani mai lambu ya gane ni ya ɗaga hannu, na sunkuyar da kai. Ban sauka ba.

Da la'asar muka isa. Na riƙe shi muka bi lungun gidansu a hankali, yana jan ƙafa. Gwaggo na tsakar gida tana sheƙar gero. Tana ɗago kai ta saki faifan, gero ya watse. Ta taso da gudu irin na tsofaffi, hannuwa a buɗe, tana cewa, "Gado! Gadona!"

Ya ja da baya ya ɓuya a bayana, ya damƙe rigata. Na ji bakinsa kusa da kunnena.

"Malam, wace ta wagga?"

Ta ji. Ta tsaya cik, taku biyu tsakaninmu, hannuwan nan a buɗe. Ta dubi hannunsa mai rawa, ta dubi ƙafar, sa'an nan ta dube ni. Na buɗe baki na ce, "Gwaggo, ni na..." Ta ɗaga mini hannu.

Ta juya ta shiga ɗaki. Na ɗauka kuka za ta yi, amma sai ga ta da tabarma. Ta shimfiɗa a inuwa, ta koma ta ɗebo ruwa a ƙwarya. Na zaunar da shi. Ta durƙusa a gabansa yadda ake yi wa wanda ya zo daga nesa.

"Sannu da zuwa, baƙo. Sannu da hanya. Sha ruwa."

Ya miƙa hannu, ƙwaryar na kaɗawa, ruwa na zuba a rigarsa. Ta tallabe masa ita ta ƙasa har ya shanye. Ya goge baki da bayan hannu, ya dube ta da kyau, ya ɗan rusuna.

"Na gode, Hajiya. Allah shi raya miki ɗiyanki."

Ta ce, "Amin."